Aikin Fankiriyas: Ta Yaya Likita Ke Sanin Wanda Zai Sha Wuya Bayan Tiyata?

 

Wasiƙa ce ta kawo mu ga maganar yau. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta roƙi kada in ambaci sunanta, kuma ba zan ambata ba. Ta ce maigidanta ya shafe wata biyu idonsa ya zama ruwan ɗorawa, fitsarinsa kamar baƙin shayi, jiki na ƙaiƙayi, ga rama. An sha maganin shawara har an gaji, sannan aka kai shi babban asibiti. Hoto ya nuna ƙari a wani abu wai shi fankiriyas, likita ya ce za a iya yin aiki. Ita dai ba ta je ba, tana gida da yara. Ƙanin mijinta ne ya dawo ya ce mata wai likita ya ce aikin na a mutu ko a yi rai ne, ya ma lissafa musu kashi kaza cikin ɗari. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Tambayarta ita ce: ta yaya likita ya san abin da bai faru ba tukuna? Tsoratarwa ce kawai, ko kuwa akwai abin da yake dubawa?

'Yar uwa, sannu, Allah Ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ce, aikin jarida na karanta, kuma ban ga takardun maigidanki ba. Amma na bi diddigin maganar, kuma zan faɗa miki abin da na fahimta. Farko dai ki kwantar da hankali a kan abu ɗaya: wannan lissafi ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Kamar manomi ne da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya. Abin da ya faru ga dubban mutanen da aka yi wa irin wannan aiki a baya aka tattara, aka ga su waye suka fi shan wuya, da abin da ya haɗa su.

Bari mu fara da shi kansa fankiriyas ɗin, don da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Wasu kan ce ai saifa ce. A'a, saifa daban take, maƙwabciyarsa ce dai. Idan kina gyaran kayan cikin rago da Babbar Sallah, akwai wani nama mai laushi, fari-fari da ɗan ja-ja, manne da farkon hanji kusa da hanta. To shi ne. A jikin mutum yana kwance a gicciye bayan tumbi, tsawonsa kamar santimita 15, wato kamar tsawon tafin hannunki. Kansa yana dama, hanji ya naɗe shi, jelarsa tana hagu kusa da saifa. Aiki biyu yake yi. Shi ke fitar da insulin, mai daidaita sukari a jini. Shi ne kuma ke yin wani ruwa mai ƙarfi, fiye da lita ɗaya a kowace rana, yana tura shi cikin hanji ta wani siririn bututu don ya narkar da nama da maiƙo da tuwon da muka ci. Ki riƙe wannan magana ta ruwa mai narkar da nama, domin duk labarinmu na yau a kanta yake.

Bututun da ke kawo ruwan madaciya daga hanta ta cikin kan fankiriyas yake ratsawa. Shi ya sa idan ƙari ya fito a nan sai ya toshe hanyar, ruwan ya koma jini, ido ya yi ɗorawa. Kin ga ke nan ba kowace shawara ce ta saiwa da sassaƙe ba. Babban mutum da idonsa ya canza launi, bayan gidansa ya yi fari-fari, yana ramewa, ko da ba ya jin ciwo, asibiti ya kamata ya nufa tun a makon farko. Cikin masu sankarar fankiriyas, kusan mutum ɗaya ne kawai cikin biyar ake samun cutar ba ta wuce aiki ba lokacin da aka gano ta. Saboda haka 'yar uwa, da likita ya ce maigidanki za a iya yi masa aiki, wannan kansa ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin da ake yi idan matsalar a kan fankiriyas take, ana kiransa aikin Whipple, sunan wani likitan birnin New York na Amurka da ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan fankiriyas, da farkon hanji, da madaciya, da ƙarshen bututunta, wani lokaci har da ɓangaren tumbi. Sannan a jawo hanji a yi ɗinki uku: a haɗa shi da ragowar fankiriyas, a haɗa shi da bututun hanta, a haɗa shi da tumbi. Yakan ci awa biyar, shida, ko fiye.

To a nan ne nake zargin magana ta sauya a hanya kafin ta iso ɗakinki. Akwai bambanci tsakanin samun matsala bayan aiki da rasa rai. A shekarun 1960 da 1970, gaskiya ne, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya tashi daga wannan aiki. Yanzu a asibitocin da suka ƙware a kansa, waɗanda ke rasuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma waɗanda ke gamuwa da wata matsala, babba ko ƙarama, har yanzu suna da yawa, kamar mutum 3 zuwa 5 cikin 10. Idan likita ya ce kashi 40, mai yiwuwa wannan yake nufi, amma wanda ya ji a tsaye cikin ruɗu sai ya kawo gida a matsayin rabi da rabi ne tsakanin rai da mutuwa. Ki sa a koma a tambaya: kashi nawa na me?

Uwar matsalolin ita ce yoyo, wato ɗinkin da ya haɗa fankiriyas da hanji ya ƙi kamawa, ruwan nan mai narkar da nama ya riƙa tsiyaya cikin ciki. Shi ruwan bai san naman rago da naman mai shi ba. Inda ya taru sai ya yi ƙurji ya kawo zazzaɓi, idan kuma ya daɗe kusa da jijiyar jini sai ya cinye ta, jini ya ɓalle. Irin yoyon da ke buƙatar magani yakan samu kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 10. Saboda haka yawancin ƙoƙarin da likitoci suka yi na hasashe a kan wannan tambaya yake: ɗinkin wa zai riƙe, na wa zai saki?

A 2013 wasu likitocin Amurka, cikinsu har da Mark Callery da Charles Vollmer, suka fitar da wani ma'auni mai maki daga 0 zuwa 10, wanda har yau ana amfani da shi. Abu huɗu yake dubawa, kuma wallahi duk macen da ta taɓa riƙe allura da zare za ta gane shi.

Na farko, taushi ko taurin naman. Ki ɗauka an ba ki ganda an ce ki ɗinka, zare zai zauna daram. A ba ki awara wadda ba a soya ba, ki ja zare kaɗan, sai ya yanka ta ya fito. Haka fankiriyas yake. Mai tauri ba shi da maki, mai taushi maki 2. Abin da ya ba ni mamaki a nan shi ne, lafiyayyen fankiriyas shi ne mai taushin. Wanda cuta ta daɗe tana toshe wa hanya shi ne ke yin tabo ya taurare, ruwan da yake fitarwa ma ya ragu. Ke nan wanda nasa bai lalace ba ya fi shiga haɗarin yoyo, ga ɗinki ba ya kamawa da kyau, ga ruwa mai yawa mai ƙarfi. Shi ya sa za ki ga dattijo mai sankara ya tashi sumul, matashiya mai ƙarin da ba shi da wani mugun hali ta yi makonni a gadon asibiti, dangi su fara cewa ai hannu aka sa mata, ko likita ya yi kuskure. Sau da yawa ba ko ɗaya, yanayin naman ne.

Na biyu, faɗin bututun da za a ɗinka. Idan ya kai milimita 5 ko fiye, kamar bakin robar zuƙar lemo, babu maki. Milimita 4 maki 1, milimita 3 maki 2, milimita 2, kamar kaurin tsinken ashana, maki 3. Idan milimita 1 ne ko ƙasa, maki 4, kuma wannan shi ne mafi nauyi a duk ma'aunin. Ki yi tunanin ɗinka bakin abin da bai kai tsinken ashana ba, a cikin ciki, da zaren da ya yi kusa da gashin kai.

Na uku irin cutar. Idan sankarar da aka fi sani ta fankiriyas ce, ko daɗaɗɗen kumburinsa, babu maki, domin su ne ke taurara shi. Idan wata cuta ce, kamar ƙari a bakin hanji ko a bututun madaciya, maki 1. Na huɗu kuma jinin da ya zuba lokacin aiki. Mililita 400 ko ƙasa, wato bai cika ledar fiya wata ɗaya ba, babu maki. Idan ya wuce 1000, sama da leda biyu, maki 3, sauran kuma suna tsakani.

Sai a tara. Mai 0 kusan ba ya samun yoyo. Daga 1 zuwa 2 haɗari kaɗan, 3 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 babba. Amma ki saurara da kyau: ko cikin masu maki 7 zuwa 10, kamar mutum 3 ne cikin 10 ke samun yoyo mai tsanani. Sauran bakwai ɗin ba sa samun irin wannan yoyo mai tsanani. Ma'aunin yana faɗin abin da ke samun mutum goma masu kama da juna, ba ya nuna wane ne cikinsu. Likitocin Holan ma sun fito da nasu a 2019, suka ajiye maganar jini da irin cuta, suka sa ƙiba a madadinsu, domin mai ƙiba fankiriyas ɗinsa kan tara kitse ya yi taushi.

Kin lura da wani abu? Yawancin waɗannan sai an buɗe ciki ake tabbatar da su. Hoton sikanin kan nuna faɗin bututu da yawan kitse tun kafin aiki, amma taushi sai likita ya taɓa da yatsa, jini kuwa sai an gama. Don haka hasashe iri biyu ne, na kafin aiki da na bayansa. Ranar da aka fito da maigida daga tiyata, kada a tsaya ga tambayar an yi nasara? Wanda ya je ya ƙara da cewa: likita, yaya kuka sami naman, mai taushi ne ko mai tauri? Bututun fa? Amsar ita za ta gaya muku irin idon da za ku sa a kwanaki goma masu zuwa. Shi ma likitan abin da yake yi da makin ke nan. Mai ƙaramin maki a cire masa robar da ke zuƙe ruwa daga ciki da wuri, a sallame shi da wuri. Mai babban maki a bar robar, a yawaita gwaji, da an ga alama a ɗauki hoto ba jira.

Na kafin aiki kuwa, a nan ne hannunki yake, uwargida. Likita zai duba ƙarfin jiki gaba ɗaya: zuciya, huhu, ƙoda, yawan jini, sukari, da wani sinadarin gina jiki a jini mai suna albumin, wanda idan ya yi ƙasa rauni ba ya warkewa da wuri. Zai tambaya ko mutum na iya hawa bene hawa biyu ba tare da ya tsaya haki ba. In mace ce, ko tana iya shara da wanki da daka ba ta zauna hutawa ba. Shekaru suna da tasiri, amma ƙwari ya fi su. Ɗan shekara 70 mai zuwa gona da ƙafa zai iya fin ɗan 55 da ya kwanta ya rame. Waɗannan abubuwa kuwa, ba kamar taushin nama ba, ana iya gyara su a 'yan makonnin jira. A ci ƙwai, kifi, wake, nono, awara, kaɗan-kaɗan sau da yawa in ba ya son abinci. A riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma maimakon kwanciya wai ana tattalin ƙarfi, kwanciya cin tsoka take yi. Mai shan taba ya ajiye, gwargwadon nisan ranar da ya daina da ranar aiki, gwargwadon amfanin, in da hali mako huɗu ko fiye. Mai ciwon sukari a daidaita masa.

Sai maganar magunguna, kuma a nan zan ɗan taɓo mu mata. Duk abin da ake sha a faɗa wa likita, har da na gargajiya, har da asfirin, domin shi yana hana jini daskarewa, ga shi mai shawarar toshewa dama jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata. Idan ke ce za a yi wa aikin, kuma kina shan ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake saya a kemis, ko kin daɗe kina shafa man sauya launin fata, ki cire kunya ki faɗa. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke hana rauni haɗewa, ya kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙar cuta. Likita ba zai kai ƙararki wurin kowa ba, amma in bai sani ba lissafinsa ya tashi a banza.

Akwai kuma abin da ba a jikin majinyaci yake ba, wato inda za a yi aikin. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan tsofaffin da aka yi wa aikin fankiriyas, ya nuna a asibitocin da ba safai suke yinsa ba kusan kashi 16 cikin 100 ne suka rasu, a waɗanda suka fi yinsa kuwa kusan kashi 4. Ba hannun likita kaɗai ba ne. Yoyo kan faru ko'ina, bambancin shi ne wa zai gane shi da wuri, akwai na'urar hoto da tsakar dare, akwai jini a ajiye, akwai ɗakin kulawa ta musamman. Ko a asibitin koyarwa na nan gida ne, ko an tara kuɗi za a tafi Masar ko Indiya, ba rashin kunya ba ne a tambaya cikin ladabi: sau nawa kuke yin irin wannan aiki a shekara? Masu fita waje kuma kada a yi gaggawar yanko tikitin dawowa, don wasu matsalolin sai mako na biyu ko na uku suke bayyana.

Bayan aiki hasashen bai ƙare ba, kullum ake sabunta shi. Ana ɗibar ruwan da ke fita ta roba a auna wani sinadari mai suna amilez, wanda fankiriyas ke yi. Idan a rana ta farko ya yi ƙasa, alama ce mai kyau. Idan daga rana ta uku ya ninka abin da ya kamata a gani a jini fiye da sau uku, an san akwai tsiyaya, ko da majinyaci bai ji komai ba tukuna. Ana kuma gwajin jini mai nuna kumburi, wanda suke kira CRP. A Holan an gwada wani tsari a duk asibitoci 17 da ke wannan aiki a lokacin, inda kowace rana ake shigar da zafin jiki, bugun zuciya, gwajin jini da yanayin ruwan roba, tsarin ya ce a ɗauki hoto ko a fara magani. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna munanan matsaloli sun sauka daga kashi 14 zuwa 8, mutuwa cikin kwana 90 daga kashi 5 zuwa 3. Ba sabon magani aka kawo ba, sa ido ne kawai a kan lokaci.

To sa ido kuwa, wa ya kai mai jinya? Ke ce a gefen gado da dare, ke ce a gida bayan sallama. Wata matsalar da ke yawan faruwa ita ce tumbi ya yi nawa, abinci ya ƙi wucewa, a yi ta amai, har a mayar da roba ta hanci. Tana da ban haushi, tana tsawaita zama, amma yawanci da kanta take wucewa. Abin da nake roƙo, in an ce kada a ba shi komai ta baki, kada a faki idon nas a ɗura masa kunu ko farfesun da 'yan dubiya suka kawo don tausayi.

Wadda ba a wasa da ita ita ce jini. Sau da yawa kafin babban jini ya ɓalle yakan aiko ɗan saƙo: ɗan ja kaɗan a cikin roba, ko a bakin rauni, ko a amai, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta. Sai ya tsaya, majinyaci ya ce ai ya wuce, har ya nemi shayi. Wannan tsayawar ba sauƙi ba ce, rata ce aka ba ku, wata ƙila ta 'yan awoyi. Ko cokali ɗaya kika gani, ko ƙarfe biyun dare ne, a kira likita, in a gida ne a kama hanya. Haka in zazzaɓi ya taso, ko zuciya na bugawa da sauri, ciwon ciki na ƙaruwa maimakon raguwa, ciki ya kumbura, ruwan roba ya yi gurɓi-gurɓi ko ya fara wari, fitsari ya ragu, ko mutum ya fara sambatu. Kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. Asibitin da aka yi aikin za a koma, da takardar sallama a hannu.

Mu da ba ma fita sai da izini, wannan shiri tun kafin ranar aiki ake yinsa. Ku zauna da maigida yana da ƙarfinsa, a gaban wansa ko mahaifiyarsa, a yanke: in abu ya taso da dare, ke kina da izinin fita, wane ne zai kawo mota, lambar wayar wa za a kira, kuɗin gaggawa yana hannun wa. Ki sa a rubuta miki lambar sashen da ya kwanta a jikin bango ko a bayan kalanda. In da hali kuma, ki nemi a tafi da ke ganin likita ko sau ɗaya, ki ji da kunnenki, tunda ke za ki yi jinyar.

In kuma a jela matsalar take ba a kai ba, aikin daban ne, ana yanke jelar, sau da yawa tare da saifa. Shi ma yana yoyo, ta bakin da aka yanke. Wanda aka cire wa saifa kuwa akwai alluran riga-kafi da ake yi masa, an fi so mako biyu kafin aiki, don haka a tambaya tun da wuri. A ƙasarmu ta sauro maleriya ta fi yi wa marar saifa mugun kamu. Gidan sauro ya zama dole a gare shi rani da damina, kuma duk zazzaɓin da ya taso, ko bayan shekara goma ne, a ranar za a kai shi asibiti a gaya musu ba shi da saifa.